Tambayoyin Masu Karatu: Ina Siginar Wi-Fi Ke Nufa Idan Ta Bar Eriya?

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato na'urar da ke rarraba Wi-Fi a gida ko a wurin aiki, wadda ake kira rauta, da inda ya dace a kafa ta, da yadda za a karkata eriyarta. Abin da na lura da shi shi ne yawancin masu rubutowa sun riga sun kashe kuɗi kafin su yi tambaya, wasu sun sauya eriya, wasu sun sauya na'urar ɗungurungum, alhali da sun san siffar da sigina ke ɗauka idan ta fita, da matsar da na'urar kaɗan ya wadatar. Na zaɓi bakwai daga cikin wasiƙun, na taƙaita su.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Gidana mai hawa biyu ne, rauta kuma tana falon ƙasa. Da eriyoyin da ta zo da su sigina tana kaiwa ɗakin sama, ko da yake da rauni. Sai na kwance su na ɗaura wasu dogaye da aka rubuta 9 dBi a kwalinsu. Yanzu har bakin ƙofar waje ina samun intanet, amma ɗakin da ke daidai saman falon ya mutu murus. Jabu aka sayar mini?

Amsa: Wa alaikumus salam. Da wuya a ce jabu ne, Malam, domin abin da ka bayyana shi ne ainihin halin eriya mai wannan lamba idan tana aiki yadda ya kamata. Eriya ba ta da wutar kanta, kuma ba ta ƙara ko miliwat ɗaya a kan abin da na'ura ta miƙa mata. Aikinta rabo ne kawai, ta karɓi ƙarfin da aka ba ta, ta tura da yawa wani wajen, ta tura kaɗan wani wajen. Ka dubi ƙwan fitila da aka rataye tsirara a tsakiyar ɗaki, haskensa yana bazuwa ko'ina amma ba ya nisa. Idan ka saka wannan ƙwan a cikin tocila mai madubi a bayansa, sai ya haska abin da ke nesa, bayanka da gefenka kuwa su koma duhu. Ƙwan bai ƙaru da komai ba, hasken gefe aka kwashe aka kai gaba.

Lambar dBi wannan kwashewar take aunawa. Masana sun ƙaddara wata eriya da ke watsa igiyar rediyo daidai wa daida ta kowace fuska kamar ƙwallo, wadda ba a taɓa ƙera ta ba kuma ba za a iya ba, suka mai da ita ma'auni. Idan aka ce eriya tana da ribar 3 dBi, ana nufin a fuskar da ta fi ƙarfi ta ninka waccan ta ƙiyasi sau 2, mai 6 dBi sau 4, mai 9 dBi kuwa sau 8. Ni dai ban taɓa jin daɗin kiran abin da sunan riba ba, domin mai saye yana zaton ƙari ya samu, ba a kuwa gaya masa inda aka ɗebo ƙarin.

Gajerun eriyoyin da rautarka ta zo da su jikokin wadda masanin kimiyya Heinrich Hertz ya yi gwaji da ita ne a Jamus a shekarar 1887, wato ƙarfe biyu a jere da ake ba wuta ta tsakiya. Tsawon igiyar zangon 2.4 GHz, ɗaya daga cikin zangunan rediyo da Wi-Fi ke aiki a kansu, kimanin santimita 12.5 ne, ƙarfen da ke cikin robar eriyar kuma rabin haka ne, ribarsa 2.15 dBi. Siffar siginar da ke fita daga irin wannan eriya kamar gammo take wanda aka zura sanda a ramin tsakiyarsa. Sandan shi ne eriyar, kaurin gammon shi ne sigina, saboda haka ƙarfi yana kewaye da gefen eriya, wajen da tsininta ya nuna kuwa, sama da ƙasa, kusan babu komai. Sai dai gammon gajeriyar eriya mai kauri ne, buɗewarsa ta kai digiri 78, wato 39 sama da 39 ƙasa, kafin ƙarfin ya ragu zuwa rabi. Doguwar eriya kuwa ƙarafa da yawa aka jera a cikinta, wani a kan wani, domin a danne gammon ya baje ya zama kamar faifai, kuma a 9 dBi buɗewar ba ta wuce digiri 15 ba. Ka yi lissafin da kanka. Idan ka matsa mita 5 daga rauta, gammon farko ya tashi sama da kusan mita 4, faifan kuwa bai kai santimita 70 ba. Shi ya sa ƙofar waje ta samu, ɗakin sama ya rasa.

Ka mayar da eriyoyin asali, sannan ka kwantar da ɗaya daga cikinsu, domin idan sanda ya kwanta gammon yakan miƙe a kan gefensa ya jefa sigina sama da ƙasa. Idan da hali ka matsar da rautar kusa da matakala, inda babu kankare tsakanin hawa biyun, domin kankaren da aka zuba wa rodi yana cikin abubuwan da suka fi cin sigina a gini. Maganin da ba ya ba da kunya dai shi ne na'ura ta biyu a sama da aka ja mata kebul na intanet daga rautar ƙasa, kuma irin wannan kebul yana kai mita 100 ba tare da matsala ba.

Tambaya: Malam, an kawo mana na'urori masu kama da faranti a ofis, ba su da eriya a waje. Mai haɗawa ya ce hawa silin zai ba shi wahala, sai ya manna su a bango a tsaye kamar agogo. Da laifi? Na duba takardar bayaninsu na ga wasu zane-zane masu da'ira, amma ban gane komai ba.

Amsa: Eriyoyin suna nan a cikin farantin, Malam, kuma wanda ya ƙera su ya tsara su ne da tunanin cewa bayan na'urar zai manne da silin, fuskarta ta kalli ƙasa. Galibi akwai ƙarfe a bayan eriyoyin da ke mayar da sigina gaba, shi ya sa siffarta takan zama kamar buɗaɗɗiyar laima da aka rataye daga silin: tana gangarowa ta kowane gefe a karkace, tana rufe ɗakin da maƙwabtansa, abin da ke tashi sama kuwa kaɗan ne. Da aka manna ta a bango an kwantar da laimar ke nan a gefenta. Ɓangaren da ya kamata ya kewaye ofisoshin hawanku yanzu wani yana harbin silin da hawan sama, wani yana harbin daɓe, kuma duk wanda ke bayan bangon ya faɗa wajen da ya fi rauni. Wannan ba ya nufin Wi-Fi zai ɗauke, domin igiyar rediyo tana karo da bango ta dawo ta cike gurabe, amma kun rage wa kanku abin da kuka biya, kuna kuma damun hawan da ke samanku da siginar da ba su nema ba.

Zanen da ka gani shi ne amsar tambayarka, kuma karanta shi ba shi da wuya. Yawanci guda biyu ne ga kowane zango. Na farko yana nuna sigina kamar tsuntsu ne ya leƙo ta daga sama, na biyu kamar an yanka ta daga sama zuwa ƙasa ana kallo daga gefe. Na'urar tana tsakiya, lambobin da ke bakin da'ira digiri ne, layin da ya karkace a ciki kuma shi ne ƙarfin sigina a kowace fuska. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar zobban da ke cikin da'irar a matsayin nisa. Ba mita suke ƙirgawa ba, desibel suke ƙirgawa, wato ma'aunin yawan ninkin da ƙarfi ya ƙaru ko ya ragu, sau da yawa 5 ko 10 tsakanin zobe da zobe. Idan tazarar 10 ce, kuma layin ya nutse ciki da zobe biyu, to ƙarfin da ke wannan fuskar kashi 1 ne cikin 100 na fuskar da ta fi ƙarfi, duk da cewa a ido nutsewar ba ta da yawa. Ka nemi ɗan hoton da ke nuna yadda aka ajiye na'urar lokacin awo, domin in ba shi ba ba za ka san ina ne sama a zanen ba, kuma ka duba zanen 5 GHz daban da na 2.4 GHz, don sau da yawa na 5 GHz ya fi yawan lunguna.

Idan silin ba zai hawu ba da gaske, akwai maƙalin ƙarfe mai lanƙwasa da ake kafawa a bango ya riƙe na'urar a kwance, fuskarta na kallon ƙasa. Idan kuma bangon shi ne ƙarshen gini, babu kowa a bayansa, kuma dogon ɗaki ɗaya ake son rufewa, ana iya barinta a yadda take. Gani ya kori ji: ka saka manhajar da ke nuna ƙarfin sigina da dBm, ka zagaya ofisoshin kafin gyara da bayansa. Lambobin suna zuwa da alamar ragi, saboda haka -50 ta fi -70 ƙarfi, kuma masu tsara Wi-Fi na ofis sukan nemi kada a gaza -67 a duk inda za a yi kiran murya ko na bidiyo.

Tambaya: Malam, rautarmu eriya huɗu gare ta. Ɗana ya ce a nuna su duka wajen ɗakin da muke so, maigida ya ce a baza su kamar yatsu. Wa ya fi gaskiya?

Amsa: Maigida ya fi kusa da gaskiya, Malama. Shawarar ɗanki ita ce mafi muni da za a iya bi, ko da yake ita hankali ya fi saurin karɓa, domin mun saba da nuna abu da tsinin yatsa. Tsinin eriya shi ne ramin gammon da na ambata a sama, don haka wanda ya nuna tsinin huɗu wajen ɗaki ya ba ɗakin mafi raunin abin da rautar ke da shi. Gefen eriya ake juya wa wanda ake so ya samu.

Batun bazawa kuwa yana da dalili biyu. Na farko, igiyar rediyo tana kaɗawa ne daidai da yadda eriyar da ta haife ta take, tsayayyiyar eriya tana fitar da igiya mai kaɗawa a tsaye, kwantacciya kuma a kwance, kuma mai karɓa ya fi ji idan tasa eriyar ta dace da wannan tsayuwa. Idan aka sami saɓanin digiri 45 ana asarar rabin ƙarfin, idan ya kai digiri 90 a fili inda babu abin da igiya za ta yi karo da shi, asarar tana iya haura desibel 20. A cikin gida abin bai kai haka tsanani ba, saboda duk karon da igiya ta yi da bango ko kujera yana murɗa tsayuwarta, kuma babu mai riƙe wayar hannu a fuska ɗaya daga safe zuwa dare.

Dalili na biyu ya zo ne da ƙa'idar 802.11n ta shekarar 2009, wadda ta shigo da dabarar da ake kira MIMO cikin Wi-Fi. Kafin ita, igiyoyin da ke dawowa daga bango abin haushi ne, domin suna isowa a makare su rikita saƙo. Da MIMO sai aka mai da su abin amfani, kowace eriya tana iya ɗaukar nata kason bayanan a lokaci guda a kan tasha ɗaya, mai karɓa kuma ya rarrabe su saboda kowanne ta hanyarsa ya biyo. Gwargwadon bambancin hanyoyin, gwargwadon sauƙin rarrabewar, kuma ɗan karkata eriyoyi yana ƙara wannan bambanci. Idan gidanku hawa ɗaya ne, ki bar biyun tsakiya a tsaye, ki karkata na gefe kamar digiri 45. A gaskiya dai abin da za a samu a nan bai kai abin da za a samu ba idan aka ɗauke rautar daga lungu aka kai ta tsakiyar gida, don haka kada gardamar ta yi tsawo.

Tambaya: Ba na son ganin na'urar a falo. Zan iya ɓoye ta a bayan talabijin ko a cikin kabad?

Amsa: Kabad na katako marar kauri, idan babu madubi a jikinsa, asararsa kaɗan ce, sai dai a kula da zafi. Bayan talabijin kuwa a'a, domin akwai faffaɗan ƙarfe a cikinsa, ƙarfe kuma mayar da igiyar rediyo yake yi, kuma idan ya matso eriya da 'yan santimita yakan ɓata siffar siginar tun daga tushe, ta yadda zanen da ke takardar bayani ba zai ƙara yin aiki ba. Madubi ma ƙarfe ne a shafe a bayan gilashi. Ruwa shi kuma shanye sigina yake yi, ko a tanki yake ko a jikin mutum, shi ya sa ake so na'ura ta ɗara kawunan mutane tsawo. A nisanta ta da na'urar ɗumama abinci ta maikurowef, wadda ke aiki a 2.45 GHz, tsakiyar zangon Wi-Fi. Abu na ƙarshe da ba a cika lura da shi ba shi ne kusurwar da sigina ke ratsa bango: bango mai kaurin santimita 20 yakan zama kamar mai 40 ga siginar da ta shige shi a karkace da digiri 30 daga fuskarsa.

Tambaya: Malam, ina kula da wani babban sito mai rufin kwano, tsayinsa mita 12, cike da dogayen kantocin ƙarfe. Mun rataye na'urori a can ƙololuwa da manyan eriyoyi masu watsawa ko'ina, amma na'urorin hannu da ma'aikata ke duba kaya da su suna yawan yankewa, har ma a daidai ƙarƙashin eriyar.

Amsa: A daidai ƙarƙashin eriyar ne ma ya fi dacewa su yanke, Malam. Wannan ita ce matsalar mai tambaya ta farko, sai dai taka a kife take. Faifan siginar yana shawagi a can sama tsakanin kwano da kawunan kantoci, kuma idan buɗewarsa digiri 15 ce, gefensa na ƙasa ba zai taɓa daɓe ba sai an yi tafiyar kusan mita 90 daga gindin eriyar, inda kafin nan kantoci sun riga sun tare shi. Abin da ma'aikatanka ke samu a ƙasa ragowar da ta yi karo da kwano ce ta faɗo, ita kuwa tana sauyawa duk lokacin da aka cika kanta ko aka kwashe ta. Ga kuma nisan kansa: duk ninkin nisa yana cin desibel 6, don haka na'urar da ke mita 12 ta yi asarar desibel 12 fiye da wadda ke mita 3, tun kafin a zo batun siffa.

Hanya biyu ake bi. Ko dai a sauko da na'urorin da sanduna zuwa tsayin da bai yi nisa da ma'aikata ba, a sa musu gajerun eriyoyi masu ƙaramar riba, idan motocin ɗaga kaya ba za su buge su ba, ko kuma a bar su a sama a sauya zuwa eriya mai fuska ɗaya, irin shimfiɗaɗɗiyar nan mai kama da allo, a kifa ta tana kallon ƙasa. Mai buɗewar digiri 60 daga mita 12 tana zana da'ira mai faɗin kusan mita 14 a daɓe. Inda layukan kantoci suke da tsawo da ƙunci, na fi son a kafa irin wannan eriya a bangon ƙarshen layi, a ɗan sunkuyar da ita, ta harba tsawon layin kamar tocila a cikin rariya. Ko wacce ka zaɓa, ka yi awon ne lokacin da sito yake cike, kuma da irin na'urar da ma'aikata ke riƙewa, domin kwamfuta ta fi ta kunne.

Tambaya: Na ƙure ƙarfin watsawar rautata. Waya tana nuna sigina a cike har ƙarshen gida, amma shafi ba ya buɗewa. Me ya faru?

Amsa: Wi-Fi zance ne tsakanin biyu, Malam, kai kuwa ka ba ɗaya lasifika ka bar ɗayan da muryarsa. Sandunan da waya ke nunawa suna faɗin yadda take jin rauta ne kawai, ba su faɗin ko rauta tana jin ta. Waya tana da ƙaramin batir da ƙananan eriyoyi, kuma kowane saƙo da ta karɓa sai ta mayar da amsar cewa ya iso, idan amsar ba ta kai ba rauta ta sake aikowa, haka za a yi ta yi har shafin ya gaji. A nan ne eriya ta bambanta da ƙarin wuta, domin siffar eriya ɗaya ce wajen aikawa da wajen karɓa: fuskar da ta fi ƙarfin magana ita ce fuskar da ta fi ji. Gyaran wuri da karkatar eriya yana amfanar ɓangarorin biyu, ƙure wuta kuwa ɓangare ɗaya.

Akwai kuma doka. Hukumomin sadarwa suna ƙayyade abin da ke fita daga eriya ne, wato ƙarfin na'ura a haɗa da ribar eriya a cire asarar kebul. A ƙasashen Turai iyakar zangon 2.4 GHz ita ce 20 dBm, wato miliwat 100, Amurka kuwa ta yarda da fiye da haka. Na'ura mai 20 dBm da aka ɗaura wa eriyar 9 dBi ta zama 29 dBm, kusan miliwat 800, don haka kowa ya duba dokar ƙasarsa. A zangon 2.4 GHz tashoshi uku ne aka saba amfani da su da ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, kuma mai ƙure wuta yana cika su da hayaniya ne ga maƙwabtansa da sauran na'urorinsa.

Tambaya: Malam, muna son haɗa gine-gine biyu da ke da tazarar kilomita 1. Daga rufin wannan ana hango na wancan, sai dai akwai bishiyoyi a tsakani da layin ya ɗan wuce ta samansu. Mun kafa eriya mai kwano a kowane gefe, amma saurin bai kai rabin abin da aka rubuta ba.

Amsa: Hangen ido bai isa ba, Malam, domin igiyar rediyo ba zare ba ce da ke bin layi ɗaya. Tana buƙatar fili kewaye da layin, mai siffar dogon ƙwai, siriri a bakin kowace eriya, mai kumburi a tsakiya. Ana kiran wannan fili da sunan Augustin Fresnel, masanin haske na Faransa da ya rasu a 1827. A tazarar kilomita 1 da zangon 5.8 GHz, daga layin tsakiya zuwa bakin ƙwan mita 3.6 ne a inda ya fi kumburi, a zangon 2.4 GHz kuwa mita 5.6, kuma ƙa'idar da aka saba bi ita ce aƙalla kashi 60 cikin 100 na wannan ya zama babu komai a ciki. Ke nan idan bishiyoyin suna tsakiyar hanya, layin yana buƙatar ya wuce samansu da fiye da mita 2 a zangon 5.8 GHz, a kuma ƙara wani abu saboda bishiya girma take yi, ganye mai jiƙe da ruwan sama kuma ya fi busasshe cin sigina. Ɗaga turakun da aka ɗaura eriyoyin a kansu shi ne abu na farko.

Na biyu shi ne saiti. Kwano mai buɗewar digiri 8 yana rufe faɗin mita 140 ne kacal a nisan kilomita 1, kuskuren digiri 5 kuma yana kautar da tsakiyar siginar da kusan mita 87. Abin da ke ruɗar masu kafawa shi ne, ban da babban harshen da ke fita ta gaba, kowace eriya mai fuska ɗaya tana da ƙananan harsuna a gefe. Mutum yakan juya kwano ya ga lamba ta tashi, ya ɗaure kusoshi ya sauko, alhali ƙaramin harshe ya kama, babban yana can yana harbin iska. Alamar haka ita ce lambar ta gaza abin da lissafi ya nuna da desibel 10 ko fiye. A riƙe gefe ɗaya a tsaye, a juya ɗayan sannu a hankali daga dama zuwa hagu har a wuce wurin da aka fi samu a ga faɗuwarsa ta ɓangarorin biyu, sannan a yi haka sama da ƙasa, kafin a koma ɗaya gefen.

A tabbatar kuma tsayuwar igiya ta dace a gefen biyu, domin a nan babu bangon da zai murɗa ta ya rufa asiri, kwanon da aka ɗaura a juye da digiri 90 yana iya kashe haɗin gaba ɗaya idan mai tsayuwa ɗaya ne. Idan na'urar rediyon a raba take da kwanon, a kai ta saman turke kusa da shi, domin siririn kebul na eriya irin RG-58 yana cin kusan desibel 1 a kowace mita a 2.4 GHz, ya fi haka a 5.8, kuma mita 10 nasa sun isa su cinye babban kaso na ribar kwanon. Mahaɗan kebul su kalli ƙasa, a naɗe su da tef mai hana ruwa, a bar wa kebul ɗan lanƙwasa a ƙasan mahaɗi inda ruwa zai ɗiga, kuma a haɗa turken da ƙasa saboda tsawa. Ka aiko mini da lambar dBm da kuke gani a gefen biyu bayan an ɗaga turakun, tare da ribar kwanukan da ƙarfin da kuka saita, in lissafa maka abin da ya kamata ku samu.